Yaron shagona ya canza tun zuwan korona, in sallame shi?

Wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru ne ya turo tambaya a shekarar 2020, lokacin korona, yace tunda aka rufe boda ciniki ya faɗi warwas, yaran shago huɗu gare shi, babban cikinsu da ya shekara shida yana riƙe masa aljihun kuɗi yanzu ya koma wani iri, baya magana, yana ɓata lissafi, ran nan har ya yanka wa wata mata yadi biyar maimakon shida. Wai ya sallame shi ne ko ya rage wa kowa albashi?

Alhaji dan Allah kar ka sallame shi tukuna. Mutumin da ya shekara shida ko dala bata taɓa ɓata a hannunsa ba, baya zama malalaci cikin wata biyu, akwai abinda ke cinsa a rai. Kuma ina ganin nasan abin. Tun 17 ga Maris 2020 da firaministan Kamaru Dion Ngute ya sanar da rufe boda da makarantu, yaran nan suna zaune suna kallon shago ba kowa, suna kallon fuskarka kana danna kalkuleta kana tsaki, kai baka ce musu komai ba, to kowa sai ya yanke ma kansa hukunci cewa shi za a fara kora, ga tsoron kwaso ciwon ya kai wa tsohuwarsa a gida, ga azumi ga sallah na tafe, ta ina barci zai zo? Wanda baiyi barci ba kuwa dole ya ɓata awo.

Kuskuren yadi ɗaya ne kawai. In ka kore shi, kwastomomin da suka saba dashi zasu bi shi, sabon yaro kuma sai ya kwashe watanni kafin ya bambance getzner da shaddar China, balle ka yarda ka bar masa makulli.

Ni dai abinda zan ce, ka tara su bayan an rufe shago ka faɗa musu gaskiya. Ga abinda ke shigowa, ga abinda zan iya biya, ga ranar biya. In ragin ya zama dole a rage wa kowa daidai, da yardarsu, a rubuta a takarda, a kuma faɗi watan da za a sake zama. Wanda yasan sefa dubu 25 zai karɓa ranar biyar ga wata ya fi kwanciyar hankali akan wanda ke jiran dubu 35 bai san ko zata zo ba. Kuma kar ka taɓa kuɗin abincin rana, wannan ragin ya fi kowanne ciwo.

Shi kuma babban ka kira shi shi kaɗai, ba gaban yara ba, ka tambayi gida, ka yi shiru ka saurara. Mu dai mun iya "kayi haƙuri, sai addu'a" mu wuce, addu'a kam dole, amma ka bari ya gama magana tukun. Ka raba musu aiki biyu yau biyu gobe tunda kasuwar ba cika take ba, kashene (takunkumin fuska) da bokitin wanke hannu kuma daga aljihunka, kar ka cire a albashinsu.

In kayi musu rajista a CNPS, wato hukumar fansho da tallafin ma'aikata ta Kamaru, kuɗin 'ya'yan ma'aikata da ake biya ya tashi a 2020 daga sefa 2,800 zuwa 4,500 kan kowane ɗa, masu iyali su je su bi kadi. In bakayi ba, to wannan maganar wata rana ce, zamu yi ta.

Amma in babban yaron ya wuce sati biyu baya ci baya barci, ko ka ji yana cewa gara ma ya mutu ya huta, kar ka tsaya nasiha, ka ɗauke shi da kanka ku je asibiti ya ga likita, ka biya kuɗin kati.