Amsa: Me ya sa live ɗin wasu ke fita tas, nawa kuma dishi-dishi?

Malam, kan tambayarka cewa hotonka na fita dishi-dishi in kana live da kyamarar kwamfuta, kuma mutane suna shigowa su fice, gaskiya ba tsadar kyamara ba ce matsalar, haske ne. Irin wannan kyamarar idonta ƙarami ne, in ɗaki da duhu sai ta yi ta ƙoƙarin ƙaro haske da kanta hoton ya lalace. Sa fitila a gabanka, ɗan sama da ido kaɗan, kuma don Allah kar ka zauna taga tana bayanka, fuskarka baƙi ƙirin za ta fito. Kyamarar ma ɗaga ta daidai idonka, ba daga ƙasa tana leƙen hancinka ba.

Wajen ingancin hoto, kar ka dage sai babban mataki na 1080p. Ga mai zama yana hira 720p da ke ƙasa da shi, da firam (wato hotuna) 30 a daƙiƙa, ya wadatar, intanet ɗinka ma ba zai riƙa tsinkewa ba. OBS Studio, manhajar yin live a kwamfuta, kyauta ne, a ciki za ka saita duk wannan.

Amma abin da ya fi korar mutane a ganina shiru ne. Maganarka na ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ta isa wurin masu kallo, to in ka yi tambaya kar ka zuba wa allo ido kana jiran amsa, ci gaba da zance, amsar za ta same ka a hanya. Kuma tunda kowa da lokacin shigowarsa, riƙa maimaita abin da ake ciki jefi-jefi, ka kira sunan sabon shigowa. Makirfo ma ka duba shi, mutum zai jure mummunan hoto amma ba zai jure ƙara ba.