Ciwon gajiya mai naci: In dage da motsa jiki ko in bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 34. Tun bayan wani zazzaɓi da na yi bara jikina bai koma daidai ba. An duba ƙarancin jini, ciwon sukari da tayirod, duk babu, daga ƙarshe likita ya ce ciwon gajiya mai naci ne, wato ME/CFS. Maigidana yana cewa in dage da tafiya kullum jikin zai warware. Ranar da na ji dama-dama na yi doguwar tafiya, na haɗa da wanki, lafiya lau na kwanta, amma washegari da yamma ko kai na kasa ɗagawa, na yi mako guda a kwance. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Sannu Malama, Allah Ya ba ki lafiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne "lafiya lau na kwanta". Wannan jinkirin shi ne babbar alamar ciwon. Mai gajiyar yau da kullum yana gajiya a lokacin aikin, ya yi barci, ya tashi garau. Mai ME/CFS kuwa sau da yawa sai bayan awa 12 zuwa 48 jikin ke rushewa: kasala mai nauyi, ciwon gaɓoɓi, jiri in an miƙe, tunani ya dagule, barcin ma ba ya wartsakarwa. Don haka yadda kika ji a ranar ba ma'auni ba ne. Ma'auninki shi ne yadda za ki tashi jibi.

Maigida bai faɗi da mugun nufi ba. Likitoci ma sun daɗe suna ba da irin shawararsa, a riƙa ƙara motsa jiki mako-mako ko da jiki yana ƙorafi. Amma a Oktoban 2021 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta cire wannan tsarin daga shawarwarinta, bayan marasa lafiya da yawa sun shaida cewa ƙara kwantar da su ya yi. Ki kuma gaya masa, a hankali, cewa tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon nan cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ba lalaci ba ne.

Abin da nake so ki koya shi ne auna ƙarfi. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da kika yi kowace rana da yadda jiki ya wayi gari, har na tsawon mako biyu ko uku. Kada ki rubuta tafiya kaɗai. Tsayuwa gaban allo, gyaran takardun ɗalibai, doguwar hira a waya, ɓacin rai, har wanka a tsaye, duk daga asusu ɗaya suke cira, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa. A littafin za ki ga iyakarki. Sai ki tsaya ƙasa da ita, ki daina aiki tun da sauran ƙarfi a jikinki.

Ranar da aka ji dama-dama ita ce mai haɗari, domin ran nan ne mutum ke son biyan duk abin da ya taru. Ki raba wankin gida uku, ki yi a zaune, ki kwanta tsakani ba tare da waya a hannu ba.

Motsa jikin kuwa, sai jiki ya daidaita tukuna. Ki fara da miƙe gaɓoɓi a kwance ko a zaune, minti biyu ko uku, sannan ki jira kwana biyu ki gani. In babu rushewa har tsawon makonni, kina iya ƙara kaɗan. In ta zo, ki koma baya, kada ki ce sai kin cika lissafin da kika yi wa kanki. Wasu ma hidimar gida kaɗai ta cinye ƙarfinsu, babu sarari ga atisaye, kuma hakan ba gazawa ba ce.

Auna ƙarfi ba magani ba ne, rage yawan rushewar yake yi. Ki nemi a sassauta miki darussa a wurin aiki. Ki koma wa likitanki in kina fama da jiri ko matsalar barci, domin ana iya taimakawa a kansu, kuma ki tafi da maigida ya ji da kunnensa. In kika ga ciwon ƙirji, suma, ko rama ba dalili, kada ki ɗora wa ME/CFS, ki je asibiti a ranar.