Amsa ga Ɗana Kan Saɓaninsa da Maƙwabcinsa a Tudun Wada

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso mini jiya bayan sallar isha'i, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na kwanta. Ka ce rigimar kuɗin gyaran taransifomar layinku ta rikiɗe ta koma ta jam'iyya, maƙwabcinka da ya girme ka ya kira ka ɗan koren 'yan siyasa a ƙofar masallaci, kai kuma ka rama a gaban 'ya'yansa, yau wata biyu ke nan ba ku gaisawa, har iyalanku sun daina aika wa juna abinci. Yanzu Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa kana kan hanyar dawowa daga Funtuwa, jana'iza ta wuce ka, kana tambayata ko al'ada ta ɗora maka zuwa gaisuwa, ko kuwa zuwanka zai zama kamar ka karɓi laifin da ba naka ba.

Ka tafi yau ɗin nan, kada ka bari a yi sadakar uku ba a ga ƙafarka ba. Ka yi sallama, ka zauna inda ka sami wuri a kan tabarma, ka ce masa Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba su haƙurin rashi, sannan ka ɗan jima tare da jama'a kafin ka tashi. Kada ka ɗauko zancen taransifoma, kada ka nemi gafararsa a can, kada kuma ka zauna jiran ya nemi taka, domin ba a shari'a a wurin makoki. Ka sa matarka ta yi tuwo a kai gidan da magariba, tun da maƙwabta ne ke ciyar da gidan mutuwa a kwanakin farko, kuma asalin wannan yana cikin sunna, lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi wa iyalan Ja'afar, ɗan baffansa da ya yi shahada, abinci saboda abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Babu mai hankali a Gusau da zai ga ka je gaisuwar mutuwa ya ce ka sauka daga ra'ayinka. Rashin zuwanka ne za a riƙe, kuma 'ya'yansa za su girma da shi bayan kowa ya manta da wanda ya yi gaskiya a kan kuɗin wuta.

Tambayarka ta fi wannan zurfi, shi ya sa zan tsawaita. Kana zaton al'ada ta hana yaro jayayya da babba, ta kuma hana maƙwabta saɓani, kuma na san wasu sa'o'ina suna faɗa muku haka, suna cewa a zamanin da babu irin wannan tashin jijiyar wuya. Wannan magana ba ta cika ba. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ya ba mu labarin zamanin NPC da NEPU, lokacin da mutum yakan sha bulala ko ɗauri saboda katin jam'iyya, kuma har aure ya mutu saboda suruki yana bin Malam Aminu Kano. Ni kuma da idona na ga zaɓen 1979 da na 1983, muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, NPN tana riƙe da mulki, 'yan GNPP da na PRP kuma ba su rufe baki ba ko na yini ɗaya. Da babu gaba a ƙasa, da Waziri Ibrahim, jagoran GNPP, bai ɗauki "siyasa ba da gaba ba" a matsayin takensa ba. Hausawa da kansu suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin da magabata suka yi shi ne sun yi wa gardama shinge, sun ware wuraren da ba ta shiga, komai zafinta.

A zauren kakanka ana ciyayya kowane dare, magidanta biyar ko shida kowa a kawo akushinsa daga gida. Kakanka ɗan NPN ne, wanda yake zama a damansa kuwa ɗan GNPP ne mai kaifin harshe, kuma sukan yi musu har masu wucewa su tsaya sauraro. Amma da zarar an ajiye ruwan wanke hannu an buɗe akushi, maganar ta mutu, ba wanda zai sake tayar da ita sai an share hannu. Haka ma sahun salla, da maƙabarta, da zaman makoki, da gidan suna, da gefen shimfiɗar mara lafiya. A makon zaɓen 1983 sun yi kwana huɗu ba su haɗa ido ba, duk da haka akushin gidanmu bai fasa tsallakawa gidansu ba, nasu ma bai fasa zuwa namu ba, domin mata da yara ba a sa su cikin faɗan maza. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a saƙonka, wato da ka ce kwanon abinci ya daina tsallaka katanga. Gaisuwar maza takan yanke ta dawo, amma idan mata suka rufe ƙofa, yara suka ji cewa gidan can ba a shiga, to gabar ta sami masu gado.

Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Allah ya ambaci maƙwabci na kusa da na nesa a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, cikin jerin waɗanda ya yi umarni a kyautata wa, tare da iyaye da marayu. Ka san hadisin da ya ce Jibrilu bai gushe yana yin wasiyya da maƙwabci ba har aka zaci zai ba shi gado, da wanda ya haramta wa Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Kun yi kwana sittin, ku biyun duka kuna sahu ɗaya sau biyar a rana.

Yanzu bari in faɗa maka inda ka yi kuskure, ko da yake na yarda shi ya fara. Kana da damar ka ce masa lissafinsa bai yi daidai ba, kuma girman shekarunsa bai hana ka wannan ba. Abin da al'ada ta hana ka shi ne ka kunyata magidanci a gaban 'ya'yansa. Na san zafin wannan domin na taɓa aikata shi. A daminar 1992, zamanin SDP da NRC, wani maƙwabcina a Sabon Gari ya ɗaga dakalin ƙofarsa har ya toshe lambatu, ruwa ya riƙa komowa cikin zaurena. Jam'iyyarmu ba ɗaya ba ce, saboda haka kafin a yi kwana uku mutane sun mayar da maganar lambatu ta zama ta siyasa, ni kuma na tsaya a bakin hanya na faɗa masa maganganu samarin gidansa suna ji. Washegari bayan asuba liman ya riƙe hannuna ya ce in tsaya, ya ce mini a kan ruwa ni ke da gaskiya, amma na zubar da ita a inda ba zan iya kwashewa ba. Mai unguwa ya zo da igiya aka auna, aka rage dakalin, kowa ya kawo bulo aka gyara hanyar ruwa, ba a ce wane ya ci wane ya faɗi ba, sannan aka ce ni ne ƙarami, ni zan fara zuwa gaisuwa. Har ya bar duniya bai taɓa cewa ni ke da gaskiya ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Akwai kalmomin da ba a jefa wa maƙwabci ko da rai ya kai maƙura. Zagin iyaye kowa ya san shi. Gorin asali kuwa, wato a ce wa mutum kai baƙo ne, yaushe ka zo garin nan, ya fi muni a gari irin Gusau, wanda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, jirgin ƙasa da cinikin auduga da gyaɗa suka cika shi da mutane daga ko'ina, ga shi yanzu rashin tsaro ya koro dubban bayin Allah daga ƙauyukansu sun shigo suna neman mafaka. Wanda ya yi wa wani gorin baƙunta a nan, in aka bi salsalar gidansu za a tarar su ma zuwa suka yi. Amma kalmar da ta fi ba ni tsoro a wannan zamani ita ce a ce wa mutum infoma. Na san unguwanni suna rabuwa biyu a kan ko a yi sulhu da 'yan bindiga ko a yaƙe su, kuma ban ga laifin mai zafi a kowane ɓangare ba, domin wani an kashe masa ɗan'uwa, wani kuma nasa yana daji ana neman kuɗin fansa. Ku yi wannan musu iyakar yinku. Sai dai duk wanda ya ce maƙwabcinsa yana kai wa 'yan bindiga labari don kawai ra'ayinsu ya bambanta, ya sani rai yake wasa da shi, kuma idan ka ji wani ya furta haka a majalisarku, ko a rukuninku na WhatsApp, ka tsawatar nan take ko da abokin jam'iyyarka ne.

Game da jam'iyya kuwa, ka tuna abin da ya faru a gabanka. A ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara saboda matsalar zaɓen fid da gwani, mulki ya koma hannun PDP. A 2021 gwamnan da ya hau ta wannan hanya ya koma APC da jama'arsa, a 2023 kuma PDP ta sake karɓa. Cikin shekara huɗu mutanen da suka daina gaisawa a 2019 sun wayi gari a jam'iyya ɗaya, waɗanda suka yi murna tare kuma sun rabu. Ban ce ka bar ra'ayinka ba, kuma ba na cikin masu cewa talaka ya bar siyasa ga masu ita, domin rashin ruwan famfo da lalacewar hanya da tsadar jarkar 'yan ga-ruwa duk a can ake yanke su. Ina dai tuna maka cewa jagororin suna sauya sheƙa su rungumi juna, katangar da ke tsakaninka da wannan mutum kuwa tana nan inda take.

Bayan an share makoki da kamar mako guda, sai a zo kan asalin maganar, kuma tana da hanyarta. Ba kai za ka tunkare shi ba. Ka nemi dattijo ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, zai fi kyau ya kasance daga ɓangarensa na siyasa don kada ya ga an haɗa masa kai, ka faɗa masa abin da ya faru ba ƙari ba ragi, har da abin da ka faɗa. Shi zai je ya ji ta bakinsa. Idan abin ya yi laushi, liman zai zaunar da ku a zaure bayan asuba ko bayan isha'i, ba a gaban taro ba, kai za ka fara ba da haƙuri a kan wurin da ka yi maganar, shi kuma za a sa ya janye sunan da ya kira ka. Idan ya ci tura sai a je ga mai unguwa, daga nan sai uban ƙasa. Ofishin 'yan sanda da kotu suna nan, kuma akwai abin da sai su, kamar rauni ko barazana ga rai, amma wanda ya kai maƙwabcinsa can a kan cacar baki, ko ya yi nasara, ya sayi gabar da ba ta ƙarewa.

Kuɗin taransifomar kuwa, a ganina shi ne tushen cutar, siyasa ta zo ne ta hau kansa. Inda aka tara kuɗin jama'a a aljihun mutum ɗaya ba rubutu, zargi ba ya rasa ƙofar shiga, ko da mutumin waliyyi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne. Ku sayi littafi, a rubuta sunan kowane gida da abin da ya bayar, mutum biyu su riƙe, ɗaya daga cikin waɗanda suke tare da kai, ɗaya daga nasa, a ajiye rasiɗin duk abin da aka saya, a karanta lissafin a fili bayan sallar Juma'a. Gidan marayu da na wanda ba shi da hali a ɗauke musu ba tare da an ambaci sunansu ba. Idan wani ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a rubuta kamar ta kowa, amma kada a yarda a liƙa hotonsa a jikin taransifoma, domin wutar za ta shiga gidan wanda ya zaɓe shi da wanda bai zaɓe shi ba. Wannan shawara kada ta fito daga bakinka a zaman farko, ka bar dattijon ya kawo ta.

In Allah ya yarda ina shigowa Gusau ranar Alhamis, kuma zan so mu je tare in yi tawa ta'aziyyar, tun da na san marigayiyar tun muna Sabon Gari. Amma kada ka jira ni, ka fara zuwa yau bayan la'asar, lokacin da mutane suka fi yawa. Ka gaishe da mahaifiyarka da iyalinka, ka kuma kira ni da dare in ji yadda ya karɓe ka.

Kawunka.