Yaya zan san ko bayanaina sun faɗa hannun 'yan damfara?

Ɗan'uwa daga Garwa, ka ce an kira ka da cikakken sunanka ana neman lambar sirrin Orange Money ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya, kana son sanin inda suka samo bayananka. Mai yiwuwa daga bayanan da aka sace a wani shafi ne. A 2021 an watsa lambobin waya da sunayen masu Facebook sama da miliyan 500.

Fara da shafin Have I Been Pwned, ka rubuta imel ɗinka. Zai nuna maka shafukan da aka fasa har bayananka suka fita. In ka ga sunan wani shafi, canza kalmar sirrinsa yau, har da duk inda ka maimaita ta. Nan mutane ke faɗawa, domin ɓarawo da kalma ɗaya yake gwada Gmail da Facebook duka.

In an turo maka adireshin wani shafin intanet ta WhatsApp kuwa, kada ka buɗe shi. Kwafe shi ka liƙa a VirusTotal, shafin da ke bincika ko adireshi na da haɗari. Amma ka sani, sabon tarko kan fito a tsabtace don ba a kai rahotonsa ba tukuna.

Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da ke kare asusunka. Lambar wanda ya kira ka, kai ƙararta ga ANTIC, hukumar Kamaru mai kula da fasahar sadarwa da tsaron intanet.