An Binne Yaron Kafin Mu Iso: Akwai Sauran Hanyar Bin Haƙƙinsa?

Tambaya: Barista, ɗan ƙanwata mai shekara 3 ya rasu a gidan mahaifinsa a Azare, inda yake zaune tun bayan rabuwar iyayensa. An ce zazzaɓi ne, aka yi masa sutura kafin mu iso, amma wanda ya yi masa wanka ya ce ya ga shatar bulala a bayansa da kumburi a ƙeyarsa. Dattawa sun ce mu bar wa Allah. Me za mu yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa mai ceto ne, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Binne gawa ba ya rufe bincike, sai dai kowace rana da ta wuce tana cin hujja, domin shatar da ke fata ita ce ke fara ɓacewa a cikin ƙasa, alhali tsagewar ƙashin kai kan jima tana nan.

Ku kai rahoto ofishin 'yan sanda a rubuce, ku riƙe kwafi, kuma ku nemi a miƙa batun ga sashen binciken manyan laifuka da ke Bauchi. Mai wankan nan shi ne ginshiƙinku. Ya ba da bayaninsa tun kafin a fara zuwa masa da roƙon ya yi shiru. Ku binciki kuma ko an taɓa kai yaron asibiti ko kemis, domin zazzaɓin da ya kai ga mutuwa ba ya rasa wanda ya gan shi.

Tono kabari abu ne mai nauyi a zukatanmu, kuma iyali ba su da ikon yin sa da kansu. Alƙalin da doka ta ɗora wa binciken musabbabin mutuwa ne ke ba da umarni, sannan likita ya duba gawar, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Daga nan fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a, wadda za ta duba ko hujjar ta isa a gurfanar da wani, tunda gwamnati ce mai ƙara a shari'ar kisa.

Game da dattawa, ni a ganina sun yi gaggawa, domin ko a Musulunci sai an tabbatar da laifi ake zancen ƙisasi ko diyya ko yafiya. Ku ma kada ku ambaci sunan kowa a Facebook, don kada a juyo muku da ƙarar ɓata suna. Idan kuɗin lauya ya gagara, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar irin wannan koke a Bauchi.