Kifin Juma'a a mashayar unguwa a Milwaukee

Malam, ka tambaya ko ya dace ka amsa gayyatar maƙwabtanka na Milwaukee, birnin da ke jihar Wisconsin ta Amurka, zuwa cin soyayyen kifi ranar Juma'a da dare a mashayar unguwarku, alhali kai ba ka shan giya. Shawarata ita ce kada ka watsa musu ƙasa a ido, domin a jihar Wisconsin gayyatar nan alamar karɓar baƙo ce, amma ka roƙe su ku sayo kifin ku ci a gida, ko ku tafi gidan abinci, tunda kusan ko'ina ana soya shi a daren. Al'adar ta samo asali ne daga Katolika 'yan asalin Jamus da Foland waɗanda ba sa cin nama ranar Juma'a, ta kuma ƙara ƙarfi tsakanin 1920 da 1933, lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya, masu mashaya suka riƙe abokan cinikinsu da kifi.

Sharaɗin da nake so ka kiyaye shi ne fulawar da ake tsoma kifin a ciki kafin suya, domin a wurare da yawa da giya ake kwaɓa ta. Ni kaina sai da aka ajiye mini faranti a gabana, kifin yana tururi, ga soyayyen dankali da kwaɗon kabeji da burodi, sannan mai hidimar ta faɗa mini, na haƙura na mayar. Tun daga ranar nake neman gasasshe, ko wanda aka birkiɗa a busasshen garin burodi, kuma nakan tambayi irin man da suke suya da shi kafin na ba da oda.