Filin Masunta: Waɗanne Ƙwari Kifin Tirawut Ya Fi Cafka?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan fatsar da ake yi da ƙwaron gashi, wato ƙugiyar da ake naɗa wa gashin tsuntsu ko na dabba da zare har ta yi kama da ƙwaro, ba a sa mata tana ko ƙullin gari. Kifin da aka fi nema da ita shi ne tirawut, kifin ruwan sanyi na Turai da Amurka ta Arewa, wanda kuma aka kai kogunan tsaunukan Kenya da Lesotho da Afirka ta Kudu.

Assalamu alaikum. Ina karatu a kudancin Ingila. Na sayi sanda mai tsawon ƙafa 9 mai lamba 5 a ma'aunin ƙarfin sanda, na kuma yanki lasisin kamun kifi. Da na shiga kanti sai na tarar da ƙwari iri-iri fiye da ɗari, kaina ya ɗaure. Waɗanne zan fara saya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Biyar sun ishe ka shekarar farko, amma kowanne ka saye shi a girma biyu ko uku. Ka riƙe cewa lambar ƙugiya a juye take tafiya: lamba 8 babba ce, lamba 18 kuwa ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba.

Kifin nan yawancin cinsa a ƙarƙashin ruwa yake yi, don haka da masu nutsewa za ka fara. Na farko Pheasant Tail, lamba 14, 16 da 18. Siriri ne, launin ƙasa-ƙasa, yana kwaikwayon 'ya'yan ƙwarin da ke maƙale a ciyawar ruwa kafin su yi fiffike. Frank Sawyer ne ya ƙirƙiro shi, mai gadin kogin Avon a Wiltshire, kusa da inda kake. Na biyu Hare's Ear, lamba 12 da 14, wanda ake yi da gashin fuskar zomo da siririn zare mai ruwan zinariya. Buzu-buzu ne, bai yi kama da wani ƙwaro guda sak ba, amma ya ɗan yi kama da kowanne, kuma yana ƙara kyau bayan kifi biyu ko uku sun tattaune shi.

A saman ruwa, Adams shi ne gaba, lamba 14, 16 da 18. Leonard Halladay ya fara ɗaura shi a jihar Mishigan ta Amurka a 1922. Jikinsa toka-toka ne, wuyansa gashin zakara ja gauraye da wake-wake. Ka nemi irin da ake kira Parachute Adams, mai farin tsiro a gadon baya: yana kwanciya daidai a fuskar ruwa, kuma farin nan zai sa ka hango shi daga mita 10 ko da rana ta yi gora. Sai Elk Hair Caddis, lamba 14 da 16, aikin Al Troth a Fensilbaniya a 1957. Fiffikensa gashin wata babbar barewa ne ta Amurka, gashin da cikinsa ke riƙe iska, shi ya sa ba ya saurin nutsewa ko a ruwa mai gudu.

Na biyar Woolly Bugger, babban mai nutsewa mai jelar gashi mai laushi, baƙi ko kore mai duhu, lamba 8 da 10, na ranar da ruwa ya yi ja ko aka rasa abin da kifi ke so.

Uku-uku na kowane girma ya isa, domin bishiyoyin bakin kogi za su ci rabonsu. Kafin ka je, ka duba dokar wurin. A wasu sassan kogunan Test da Itchen na kudancin Ingila ba a yarda da komai ba sai ƙwaron saman ruwa da aka jefa zuwa inda ruwa ke fitowa, wasu wuraren kuma sai lokacin zafi ya yi nisa ake barin mai nutsewa. Tsohuwar muhawara ce tun zamanin wasu masunta biyu na Ingila, Halford mai goyon bayan ƙwaron sama da Skues mai goyon bayan mai nutsewa, kuma har yau masu wuraren ba sa wasa da ita.

Kifi yana tasowa yana cin ƙwari a gabana, na jefa masa Adams, ya zo ya duba ya juya. Na sauya ƙwaro har sau shida, ba labari. Mene ne laifin?

Malam, da wuya laifin ya zama na sunan ƙwaron. Abu uku za ka bincika, ɗaya bayan ɗaya.

Mafi yawa jan igiya ne. Ƙwaro na gaske yana tafiya daidai da gudun ruwan da yake kai. Naka kuwa a ɗaure yake da igiyar da ta ratsa ruwa mai gudu daban-daban: tsakiyar kogi ta fi gefe sauri, sai ta ja cikin igiyar ta yi baka, ƙwaron ya fara tsaga ruwa yana barin ɗan layi a bayansa. Wani lokaci layin bai kai ka gan shi ba, amma kifin da ke taƙi ɗaya a ƙarƙashinsa ya gani. Ka sa ido a kan kumfa ko ɗan ganye da ke kusa da ƙwaronka. In ya wuce su ko suka wuce shi, ana jansa. Maganinsa ka tsaya a bayan kifin, tunda kullum kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, ka rage nisa zuwa mita 6 ko 8, ka jefa ƙwaron kamar mita ɗaya a gabansa. Da igiyar ta sauka, ka ɗaga bakin sanda ka juya cikin igiyar zuwa inda ruwa ke fitowa ba tare da ka motsa ƙwaron ba.

Na biyu kaurin zaren gaba, wato siririn zaren roba da ake ɗaura ƙugiya a jikinsa. Akwai lissafi mai sauƙi: ka raba lambar ƙugiya gida uku, abin da ya fito shi ne lambar zaren, wadda ake rubutawa da X. Ƙugiya lamba 12 tana son 4X, lamba 16 tana son 5X, lamba 18 kuma 6X. Kaurin 5X kusan milimita 0.15 ne, 6X kuma 0.13. Duk lokacin da ka sauya ƙwaro kana cinye santimita 5 zuwa 8, to bayan sauyi shida da ka yi, mai yiwuwa ka riga ka kai wurin da zaren ya yi kauri, ya sandare, ba ya barin ƙwaron ya yi lilo yadda ruwa ya so. Ka ƙara sabo mai tsawon santimita 60 zuwa 90.

Na uku girma. Ƙwaro a sama yana yi wa ido girma fiye da yadda yake. Ka kama ɗaya a tafin hannu ka jera shi da naka, za ka ga sau da yawa naka ya fi. Ka sauko lamba ɗaya ko biyu kafin ka yi tunanin launi.

Sannan ka kalli yadda kifin ke tasowa. In ka ga hancinsa ya fito kuma ya bar kumfa guda, daga saman ruwa ya ɗauka. In bayansa da jelarsa kawai ka gani, ruwan ya kumbura babu kumfa, to yana cin waɗanda ke hanyar fitowa ne, 'yan santimita kaɗan a ƙasa, kuma ko ka kwana kana jefa Adams ba zai kula ba. A nan sai ka ɗaura zare mai tsawon santimita 40 a lanƙwasar ƙugiyar Adams ɗin, ka rataya Pheasant Tail lamba 18 marar nauyi. In na saman ya nutse ko ya tsaya cak, ka ɗaga sanda.

Ina so in koyi ɗaura ƙwaro da hannuna. Da wanne mace mai farawa za ta fara, kuma yaya ake yi?

'Yar'uwa, ki fara da Pheasant Tail irin na Sawyer, don kayansa biyu ne kacal bayan ƙugiya: siririyar wayar jan ƙarfe, da gashin dogon bindin namijin tsuntsun fezan, wani dangin kaza. Ko zare ba a sawa, wayar ce zare kuma ita ce nauyi. Wadda ake warwarowa daga naɗin tsohuwar rediyo ko ƙaramin injin lantarki tana yi, in dai ba ta fi gashin kai kauri sosai ba.

Ki danne ƙugiya lamba 14 a ƙarfen matsewa. Ki fara naɗa waya daga ɗan bayan idon ƙugiya, ki bar fili kamar milimita ɗaya. A sulusin gaba ki yi naɗi kan naɗi har ya yi ɗan tudu, shi ne ƙirjin ƙwaron, sannan ki gangara da naɗi ɗaya-ɗaya har inda ƙugiya ta fara lanƙwasa. Ki yanko silin gashi huɗu, ki daidaita bakinsu, ki ɗaure su a nan da naɗi biyu yadda bakin zai leƙo baya kamar milimita 3, ya zama jela. Sai ki murɗa sauran gashin tare da wayar su zama igiya ɗaya, ki naɗa ta zuwa gaba har bayan ido. Ki raba su, ki mayar da wayar bayan tudun, ki kwanto gashin baya a kan tudun ki ɗaure, ki dawo da wayar gaba, ki sake kwanto gashin gaba ki ɗaure. Wannan ninki shi ne duhun da ke gadon bayan ƙwaro mai shirin fitar da fiffike. Ki ƙulle da ƙulli uku, ki yanke, ki ɗiga man farce marar launi da bakin allura.

Kurakuran mai koyo sanannu ne. Ana ɗibar gashi takwas ko goma sai jikin ya yi ƙiba, alhali ƙwaron gaske siriri ne, kuma siririn ya fi saurin nutsewa. Ana cika naɗi har a toshe idon ƙugiya, a je bakin ruwa zare ya ƙi shiga. Waya kuma tana sulɓewa tana juyawa a jikin ƙugiya; ɗigon gam kafin naɗin farko yana hana wannan. Ki ɗaura goma sha biyu a jere kafin ki taɓa wani iri.

In ruwan mai zurfi ne da gudu, ana zura ƙwayar ƙarfe mai huda a kan ƙugiyar: milimita 2.4 ga lamba 16, milimita 2.8 ga lamba 14. Ta tangistin ta ninka ta farin tagulla nauyi kusan sau biyu.

Da Woolly Bugger ina jin kifi yana taɓawa amma ba ya kamuwa. Wani lokaci kuma in fito da shi in ga jelar ta naɗe ƙugiya.

Duka biyun daga tsawon jela ne. Ƙa'ida ita ce jelar ta yi daidai da tsawon jikin ƙugiya. In ta wuce haka, kifi yana cafkar gashi ya bar ƙarfe, kuma gashin yana harɗewa wajen jifa. Kada ka sa almakashi, domin yankan yana bar mata baki a miƙe, ta daina rawa a ruwa. Ka tsinke ƙarin da farcen babban yatsa. Gashin jelar mai laushi da ake kira marabu asalinsa na borin-tunke ne, amma wanda ake sayarwa yanzu na talotalo ne da aka rina.

Russell Blessing ya fito da wannan ƙwaro a Fensilbaniya a 1967. Ana jefa shi a ƙetare ruwa, a ƙirga biyar zuwa goma ya nutse, sannan a riƙa jan igiya da hannu santimita 10 zuwa 15 ana ɗan tsayawa. A lokacin tsayawar kifi ya fi kai hari. In ka ji taɓi kada ka fizge sanda sama, ka ci gaba da ja har ka ji nauyi. Zaren gaba 3X ko 2X za ka sa, 5X tsinkewa zai yi.

Aiki ya kawo ni Nairobi. An ce ana kama tirawut a nan. Da gaske ne, kuma wane lokaci na yini ya fi?

Da gaske ne, Alhaji. Tun 1905 aka zuba shi a kogin Gura da ke tsaunukan Abadaya, yanzu kuma yana cikin ƙoramun da ke gangarowa daga can da Dutsen Kenya. Ƙasar ma ta yi suna wajen ɗaura ƙwarin fatsa da hannu ana fitarwa Turai da Amurka, don haka ba za ka rasa na saye ba. Sai ka nemi izinin kamun kifi tukuna. Ƙoramun ƙanana ne masu duhuwa, gajeriyar sanda mai ƙafa 7 ta fi daɗin sarrafawa, kuma Hare's Ear da ƙaramin Woolly Bugger za su wadatar.

Batun lokaci, ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka tsoma a ruwa. Tirawut ya fi cin abinci tsakanin digiri 10 zuwa 16. Da ruwa ya kai digiri 20 ka naɗe igiyarka, domin iskar da ke cikin ruwan ta ragu, kifin da ka wahalar ka saki yana iya mutuwa bayan ka tafi. In za ka saki kifi, ka matse ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin jifa, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi.

Mu da muke gida, wannan fatsa za ta yi a kogunanmu?

Tirawut dai ba zai rayu a ruwanmu ba, zafi ya yi masa yawa. Amma dabarar tana kama kifayenmu. A kogin Faro na arewacin Kamaru ana kama tsage da giwan ruwa da manyan ƙwarin gashi masu siffar ɗan kifi, da sanduna masu ƙarfi daga lamba 9 zuwa 12. Karfasa kuma tana ɗaukar ƙananan masu nutsewa a gefen ciyawa, lamba 12 ko 14, in an ja su a hankali. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo yana yin ƙafafun ƙwaro masu kyau, silin gashin ɗawisu kuma yana ba jiki sheƙin da kifi ke so. Ga tsage, dole ka haɗa wayar ƙarfe mai tsawon santimita 10 zuwa 15 tsakanin ƙwaro da zaren gaba, in ba haka ba haƙoransa za su datse zaren a cizon farko.